A Tashe Shi Ko A Bar Shi Ya Yi Barcinsa? Muhawara Kan Makarin Ƙwayar Barci

A ce ƙarfe biyun dare ne, adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar sashen gaggawa na wani asibiti, aka ciccibo wani saurayi ba ya motsi. Abokansa biyu ne suka kawo shi. Ana kiran sunansa ba ya amsawa, numfashinsa na fita a hankali da minshari, in an matse masa farce sai ya ɗan yamutsa fuska ya koma. A aljihunsa an ga fankon katin diazepam, wanda mutane suka fi sani da Valium. Likita ya dubi abokan ya ce, "Me ya sha? Guda nawa? Da me ya haɗa?" Suka kalli juna, suka ce wallahi a haka suka same shi.

Akwai wata 'yar kwalbar allura da za ta iya sa saurayin nan ya buɗe ido cikin minti biyu. Sunan maganin flumazenil, kuma shi ne makarin dangin ƙwayoyin da ake kira benzodiazepine, wato su diazepam da lorazepam da midazolam da Rohypnol. Duk wanda ya ji haka zai ce to me ake jira? Sai dai fiye da shekara 30 ke nan likitoci suna ja-in-ja a kan wannan tambaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi sanin guba za su ce a bar kwalbar a inda take.

Inda ƙwayar da makarinta suka fito

Gida ɗaya ne ya haifi ƙwayar da makarinta. Leo Sternbach, masanin haɗa magunguna a kamfanin Roche, shi ya harhaɗa na farko a wannan dangi a 1955, aka fito da shi kasuwa a 1960 da sunan Librium. Valium ya biyo baya a 1963, ya kuma yi shekaru fiye da goma yana gaban duk wani magani da likitocin Amurka ke rubutawa. Hatta sunan "roci" da 'yan ƙwaya ke kiran Rohypnol da shi a garuruwanmu, sunan kamfanin ne ya bi ƙwayar har lungu.

Ƙwaƙwalwa tana da linzaminta, wani sinadari da ake kira GABA, wanda ke rage wa jijiyoyi gudu. Ƙwayar benzodiazepine ba ita ce linzamin ba, ƙara wa hannun da ke jansa ƙarfi take yi. Shi ya sa take kwantar da fargaba, ta kawo barci, ta saki tsoka, ta kuma tsayar da jijjiga. A 1977 masana suka gano ainihin gurbin da take maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Bayan shekara biyu, a ɗakin gwajin Roche da ke Basel a Siwizalan, Walter Hunkeler da abokan aikinsa suka samo wani sinadari da ke shiga gurbin nan ya zauna, ba ya ja ba ya saki, iyakarsa ya hana mai wurin zama. An fara sayar da shi a Turai a 1987 da sunan Anexate, Amurka ta amince da shi a 1991.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe, don duk rigimar a kansa take juyawa. Makarin ba ya fitar da ƙwayar daga jini, ture ta kawai yake yi daga kujera. Kuma shi baƙo ne mai saurin tafiya: cikin kimanin awa guda hanta ta cinye rabinsa. Diazepam kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin rabinsa ya bar jiki, abin da hanta ke juya shi ya koma ma ya fi shi daɗewa. Da baƙon ya tashi, mai wuri yana tsaye yana jira.

Wurin da babu jayayya

A ɗakin tiyata, ko ɗakin da ake zura na'ura ta maƙogwaro don leƙa ciki, ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya. Likita shi ya ba da midazolam da hannunsa, ya san adadin, ya san lokacin, ya karanta katin mara lafiyar tun kafin a fara. In barcin ya zarce, numfashi ya fara ja baya, sai ya ɗura makarin ta jijiya kaɗan-kaɗan, miligiram 0.2 a karon farko, yana kallon fuskar mutumin. A Birtaniya, a ƙarshen 2008, hukumar kula da amincin marasa lafiya ta ƙasar ta tattara rahoto kusan 500 na kuskuren adadin midazolam cikin shekara huɗu, uku daga ciki sun kai ga mutuwa, ta kuma ba da umarnin kada a yi aiki da midazolam sai da makarinsa a kusa. Rigimar tana farawa ne a ƙofar sashen gaggawa, inda ba likita ne ya ba da ƙwayar ba.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko tambaya ce: in ba a ba shi makarin ba, me za a yi masa? Mutumin da ya yi nisa a suma ba ya iya kare maƙogwaronsa. Harshe na iya faɗawa baya ya toshe hanyar iska, amai na iya gangarawa cikin huhu. Hanyar da aka saba bi ita ce a zura masa bututu a maƙoshi a jona shi da na'urar numfashi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai an ƙara masa wasu magungunan barcin, ana iya ji masa ciwo wajen zura bututun, ciwon huhu na iya kama shi a kan na'urar, ga gado a sashen kulawa ta musamman da wani ke buƙata. Suka ce masu tsoron makarin suna lissafa haɗarinsa kamar ɗaya hanyar shimfiɗaɗɗiya ce babu ƙaya.

Na biyu, makarin yana iya zama tambaya da jiki ke amsawa. Wanda aka kawo a sume ba a san dalili ba, za a yi ta laluben duhu a kansa: hoton ƙwaƙwalwa, ɗiban ruwan ƙashin baya don neman sanƙarau, gwaje-gwajen jini masu cin kuɗi da lokaci. In aka yi masa allura ya buɗe ido ya faɗi sunansa da abin da ya sha, an rage hanya mai nisa.

Suna kuma da alƙaluma. Masu bincike a Kalifoniya sun koma kan bayanan cibiyoyin ba da shawara kan guba na jihar na tsawon shekara goma, suka sami manya 904 da aka yi wa allurar flumazenil bayan sun sha wani abu. Mutum 13 ne suka yi jijjiga, ɗaya ya mutu. Wato ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma jijjigar ta fi samun waɗanda suka haɗa da wani maganin da shi kansa yake jawo ta. Su dai waɗannan masu binciken sun duba yara 83 da aka ba makarin, ko ɗaya bai yi jijjiga ba. Yaron da ya lalubo ƙwayar kakarsa a ƙarƙashin matashi ya haɗiye, jikinsa bai saba da komai ba, kuma ana iya ƙirga abin da ya rage a katin. Masu goyon baya suka ce barin irin wannan yaro ya kai ga na'urar numfashi alhali ga makari, tsoro ne ya yi wa ilimi rinjaye.

A ganinsu, mugun sunan da maganin ya yi gadon shekarunsa ne na farko. Lokacin ana ɗokin sabon abu, har wasu suka so sanya shi cikin jerin abin da ake ba duk wanda aka kawo a sume, tare da sukari da naloxone (makarin su hiroyin) da sinadarin thiamine. An riƙa ɗura shi da yawa lokaci guda ga mutanen da ba a tace ba. Mai yin aikin da natsuwa a yau ba ya neman mara lafiya ya tashi zaune yana hira, abin da yake so ya iya numfashi da kansa ya iya tari, kuma ɗan kaɗan ya isa a kai nan.

Amsar masu adawa

Su kuma sun fara da abin da kowane ɗalibin likita ke koya: benzodiazepine ita kaɗai da wuya ta kashe babban mutum mai lafiya. Wannan ne ma dalilin da ya sa ta kori tsoffin magungunan barci na dangin barbiturate daga kasuwa, don su kam ɗan ƙari kaɗan ke kai mutum kabari. Wanda ya sha diazepam zalla, in aka kwantar da shi ta gefe, aka buɗe masa hanyar iska, aka sa masa oksijin, aka zauna kusa da shi, galibi zai yi barcinsa ya farka. To in haƙuri da sa ido suna warkar da kusan kowa, duk wata illa da makari zai kawo asara ce tsantsa, tunda ba a sayi komai da ita ba.

Illar kuwa iri biyu ce, kuma kowace tana ɓoye a jikin mutumin da ba ya magana. Ta farko ita ce sabo. Wanda ya yi watanni yana shan ƙwayar nan kullum, ƙwaƙwalwarsa ta gyara zamanta a kai, ta rage ƙarfin linzaminta na asali tunda akwai mai taya ta ja. Shi ya sa ba a yanke wa irin wannan mutum ƙwaya rana ɗaya, a hankali ake ragewa, wani lokaci cikin watanni. Makarin kuwa yana yin wannan yankewar cikin minti guda. Doki ya ji linzami ya tsinke. Abin da ke biyo baya shi ne firgita, bugun zuciya, fisge-fisge, ko jijjiga. Haka yake ga mai farfaɗiya da ke dogara da irin waɗannan magunguna.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa. Yawancin waɗanda ake kawowa ba abu ɗaya suka sha ba. Akwai magunguna da in sun yi yawa suke tayar da jijjiga ko su rikita bugun zuciya, irin su amitriptyline da ake ba masu ciwon damuwa, da hodar ibilis, da tramadol. In mutum ya haɗa ɗayansu da diazepam, to diazepam ɗin nan da ake gani ita ce cutar, ita ce ke danne ɗaya gubar. Ba da saninsa ba ya sha guba da ɗan maganinta tare. Likitan da ya ture diazepam ya ɗauke murfin tukunyar da ke tafasa.

Daga nan sai abin da ya fi tayar wa masu adawa hankali. Maganin farko da ake ɗauka in mutum ya fara jijjiga, ko a Landan ko a Damagaram, benzodiazepine ne. Shi ne diazepam ɗin da ake yi wa yaro in zazzaɓi ya sa shi taune-taune. To ga mutum yana jijjiga, ga kuma makari zaune a gurbin da maganin jijjigar zai shiga. Dole sai an ninka adadin don a ture makarin, ko a koma ga phenobarbital ko propofol, waɗanda ke danne numfashi. Sai a wayi gari an zura bututun da aka yi allurar don a guje masa, a cikin yanayi mafi muni, jiki na karkarwa haƙora a datse. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani a takardar maganin, kuma a kan jijjiga ne.

Su ma suna da nasu alƙaluman, har suna cewa nasu sun fi nauyi don daga gwajin da aka raba mutane gida biyu suka fito. A 2016 wasu masana a Denmak suka haɗa gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi mutum kusan dubu. Cikin 498 da aka ba makarin, 138 sun sami wata illa, 12 kuma illa mai tsanani, galibi rikicewar bugun zuciya ko jijjiga. Cikin 492 da aka ba allurar da ba magani a ciki, 47 ne suka sami illa, biyu kacal mai tsanani.

Masu goyon baya sun dawo

Suka ce a karanta rahoton nan na Denmak har ƙarshe. Babu wanda ya mutu a lokacin gwaje-gwajen. Yawancin abin da aka kira illa tashin hankali ne da tashin zuciya da amai, abin da ba a rasa ba ga wanda aka fisgo daga barci mai nauyi. Kuma akasarin gwaje-gwajen na zamanin da ne, lokacin da ba a tace wanda za a ba. Abin da suka tabbatar shi ne kada a ba kowa da kowa, wanda babu mai musun sa a yau.

Sannan suka nuna cewa kasuwar ƙwaya ta canza. Maganar cewa benzodiazepine ba ta kisa an gina ta ne a kan ƙwayar kamfani mai sanannen awo. A Sikotlan, a 2020, mutum 1,339 ne suka mutu sanadiyyar ƙwaya, kuma a kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace akwai hannun benzodiazepine, mafi yawa ta bayan fage irin su etizolam, wadda ake bugawa a ɓoye ba wanda ya san ƙarfin kowace ƙwaya. Wannan ya sa wasu likitocin guba a can suka sake buɗe maganar da aka ɗauka an rufe. Suna kafa misali da naloxone, makarin su hiroyin da kodin. Shi ma an daɗe ana cewa sai a hannun likita, yau ga shi a aljihun 'yan sanda da iyaye, har a 2023 Amurka ta yarda a sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Suka ce ba mamaki nan gaba a waiwayo a ga an bar mutane sun mutu saboda tsoron da ya wuce kima.

Masu adawa ba su ja da baya ba

Suka ce kwatancen bai zauna ba. Su hiroyin kai tsaye suke tsayar da numfashi, minti kaɗan ke tsakanin mutum da mutuwa, kuma in naloxone ya jefa wanda ya saba cikin azabar yankewa, zai yi amai da gumi da zage-zage amma da wuya abin ya kashe shi. A wajen benzodiazepine lissafin ya juya: gubar ce mai sauƙi, yankewar ce mai haɗari. Ko a Sikotlan ɗin, kusan tara cikin goma na mamatan 2020 akwai dangin hiroyin ko methadone a jikinsu. Abin da ya fi ceton irin waɗannan shi ne naloxone da iska, ba sabon makari ba.

Suka ƙara da batun komawa barci. Mutum ya farka, ya ga kansa a asibiti, ya fisge robar ƙarin ruwa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, 'yan uwa suka yi hamdala suka tafi da shi. Bayan awa ɗaya ko biyu makarin ya ƙare, ƙwayar ta koma kujerarta, ya sake nutsewa a ɗaki inda ba mai kallonsa. Da an bar shi a sume, da yana kan gadon asibiti ana duba shi.

Akwai kuma wata illa da ba ta jikin mara lafiya ba ce, ta zuciyar mai magani ce. Wanda ya san akwai makari a aljihu yakan saki hannu. Hukumar nan ta Birtaniya da ta ce a ajiye flumazenil kusa, a takarda ɗaya ta ce a riƙa ƙirga sau nawa ake amfani da shi, don yawan ɗaukarsa alama ce ta ana zarce awo wajen midazolam. Duniya ta ga iyakar makarin a Yunin 2009, ranar da mawaƙi Michael Jackson ya mutu. Likitansa, Conrad Murray, ya shaida wa 'yan sanda cewa da ya ga ba ya numfashi ya yi masa allurar flumazenil. Lalle akwai lorazepam da midazolam a jikinsa, amma abin da ya kashe shi propofol ne, wanda makarin ba shi da iko a kansa, kamar yadda ba shi da iko a kan giya ko kodin ko tramadol. Abin da ake buƙata a ɗakin nan kayan buɗe hanyar iska ne da idon da ba ya barin mara lafiya.

In aka tankaɗe

In aka ajiye zafin muhawara aka dubi abin da kowa ya kawo, za a ga alƙaluman biyu ba sa ƙaryata juna. Na Denmak suna nuna abin da ke faruwa in aka ba wanda duk ake zato. Na Kalifoniya suna nuna abin da ke faruwa in likitoci suka zaɓa, don mutanen nan 904 ba haka kawai aka ɗebo su ba, wani ne ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ga sun dace, waɗanda ya ji tsoronsu kuma ba su shiga lissafin ba. Saboda haka ƙarancin jijjigar da aka gani rabi yabon maganin ne, rabi yabon taka-tsantsan ɗin da masu adawa suka koyar. Ina ganin masu goyon baya ba sa son amsa wannan. Su ma masu adawa ba sa son amsa cewa ba a taɓa auna illar makarin da illar bututu da na'ura a ma'auni ɗaya yadda ya kamata ba, kuma cewar "a bar shi ya yi barcinsa" tana da daɗin faɗi ne in akwai ma'aikaciyar jinya da za ta tsaya a kansa har asuba.

Manyan hukumomi a tsakiya suka tsaya, amma sun ɗan karkata. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, a jagorarta ta 2023 kan guba, ta ce makarin na iya amfani ga zaɓaɓɓun mutane da benzodiazepine zalla ta danne wa numfashi, yana cutar da wanda ke da haɗarin jijjiga ko rikicewar bugun zuciya, ba shi da aiki in zuciya ta riga ta tsaya, kuma in ana zaton an haɗa da dangin hiroyin to a fara da naloxone. A Birtaniya littafin magunguna da likitoci ke bi ya ce kada a yi amfani da shi ga wanda ya sha ƙwaya fiye da kima sai da shawarar ƙwararre. A jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya akwai naloxone, babu flumazenil.

Abin da na fahimta shi ne amincin wannan allura ba a cikin kwalba yake ba, yana cikin yawan abin da likita ya sani game da wanda ke kwance. Shi ya sa lamarin yake da ban haushi. Wanda aka san komai a kansa, kamar yaron da ya haɗiyi ƙwayar kaka ko dattijon da aka yi wa allura a ɗakin tiyata, shi ne makarin ba zai cutar ba, kuma sau da yawa ko ba makari zai tashi. Wanda ya fi nisa a suma, wanda ya fi buƙatar a yi wani abu, galibi ya yi nisan ne don ya haɗa da wani abin, kuma shi ne wanda makarin ya fi yi wa barazana.

Muhawarar nan a Turai da Amurka aka yi ta, a asibitocin da na'urar numfashi ke bayan labule. In aka kawo ta inda ba haka abin yake ba, sai ta ƙara tsauri, don ɓangarorin biyu a rijiya ɗaya za su sha. Mai goyon baya zai ce a asibitin da ba na'ura, ko akwai amma ba wuta, ko sai an yi tafiyar awa uku kafin a kai inda take, allurar da za ta sa mutum ya ci gaba da numfashi da kansa ta fi daraja fiye da yadda take a Landan. Mai adawa zai ce a wannan asibitin dai, in jijjiga ta tashi diazepam ya ƙi ci, da me za a tare ta? Wanda ba shi da abin gyara ɓarna shi ya fi kamata ya guji jawo ta.

Kuma yanayin shan ƙwaya a nan yana ƙara wa mai adawa nauyi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magungunan kashe zafi irin su tramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma na shan maganin tari. Masu shan ƙwayoyin barci da kwantar da hankali ba su kai rabin miliyan ba. Ga tramadol mai miligiram 200 da 225 da hukumomi ke ta kamawa, alhali abin da doka ta yarda da shi 50 ne da 100. Saurayin da aka samu da katin diazepam a aljihu, yiwuwar a ce ita kaɗai ya sha ba ta da yawa, kuma abokin haɗin da ya fi kusa da hannunsa shi ne wanda aka san shi da tayar da jijjiga. Wannan bai rufe ƙofa ga ɗakin tiyata ko sashen yara ba, inda hujjar ajiye makarin take da ƙarfi ko a ina ne. Bai kuma amsa tambayar likitan da ya ga numfashi na raguwa, ba na'ura, ba motar da za ta kai mara lafiya gaba ba. Wannan likita ba wani bincike da aka yi a irin ɗakinsa da zai jingina da shi, kuma ba zan iya cewa ya yi laifi ba ko wace hanya ya bi.

Mu koma ƙofar sashen gaggawa. Kafin a zo maganar kwalba, akwai abin da ɓangarorin biyu za su yi iri ɗaya. Za a juya saurayin ta gefe, a ɗaga haɓarsa, a sa masa oksijin, a soki yatsa a auna sukari. Za a buɗe idonsa a haska, in baƙin ya tsuke kamar kan allura a ɗauko naloxone. In akwai na'urar auna bugun zuciya za a duba ko layin ya faɗaɗa irin na wanda ya sha amitriptyline. Sannan likita zai sake fita wajen abokan nan biyu da ke raɓe a baranda, waɗanda tun ɗazu suke auna ko maganarsu za ta kai kunnen 'yan sanda ko na mahaifin yaron. Zai sassauta murya ya ce, "Ku ji, samari, ni ba hukuma ba ne. Kullum yake sha, ko yau ya fara? Akwai tramadol a ciki?"